Tiramol, Ƙiba da Ciwon Sukari: Jinyar Wani Ɗan Kabu-kabu a Damagaram

Ni ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa cikin garin Damagaram. Mutumin da zan ba da labarin jinyarsa ya yarda in rubuta, bisa sharaɗin kada in kama sunansa ko unguwarsu. Zan riƙa ce masa mai babur, yadda mahaifiyarsa take kiransa, da yake ɗan farinta ne ba ta faɗin sunansa. Alƙaluman da ke ciki daga karnensa na asibiti, wato ɗan littafin da ake rubuta jinyar mara lafiya a ciki, na ɗebo su, da littafin da muka buɗe masa daga baya. Awon sukari da giram a lita na rubuta shi, kamar yadda ɗakunan gwajinmu na Nijar suke bayarwa. Wanda ya saba da awon Najeriya sai ya ninka da ɗari, 1.26 ya zama 126.

## 2013 zuwa 2021: shekarun babur

An haife shi a 1989. Mahaifinsa ya rasu a 2010 bayan ya sha fama da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa har aka cire yatsu biyu. A gidan babu wanda ya tuna an taɓa ce musu sukari ne, daji suka riƙa kiran ciwon har aka binne shi.

A 2013 ya karɓi babur a hannun wani ɗan kasuwa yana kai masa kuɗin yini. Da rana yana kabu-kabu tsakanin Kasuwar Dole, tasha, Zango da Birni. Wasu darare kuma ya bi ayarin masu ɗauko jarkokin mai daga bakin iyaka ta wajen Magarya, a dawo ta daji kafin asuba. A fadarsu, wato majalisar da samari ke zaman shayi, aka fara ba shi tiramol, aka ce maganin gajiya ne. Ƙwaya ɗaya cikin kofin Nescafé da safe, sai ya wuni bai ji rana ba, bai ji yunwa ba.

Tiramol ɗin da likita ya saba rubutawa miligiram 50 ne a ƙwaya, kuma ba a wuce 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani. Wanda ake sayarwa a tire da cikin jaka ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba: akwai 120, akwai 200, akwai 225. Zuwa 2017 yana shan ƴan 225 guda huɗu a yini, miligiram 900 ke nan. A 2018 Indiya, inda mafi yawan ƙwayar take fitowa, ta tsaurara doka a kanta, a shekarar ne kuma Najeriya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ƙwaya ta yi tsada a gari. Na tambaye shi ko ya rage sha a lokacin, ya ce, "Abinci na rage, Majo." Majo suke ce wa ma'aikacin jinya a nan.

Cimarsa a shekarun nan ita ce Nescafé da madarar gwangwani mai zaƙi da safe, da rana shayin fada da lemon kwalba da sigari kara goma zuwa goma sha biyar, abinci na kirki sau ɗaya da dare, wani daren ma ya kwanta bai ci ba. Matarsa ta farko ta tafi a 2019. Da daminar 2020 an yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro a wurinmu, aka rubuta nauyinsa kilo 56 a tsawon mita 1.74. A shekarar ya yi jijjiga sau biyu kamar mai farfaɗiya, abin da tiramol mai yawa ya saba jawowa. Gida suka ce iska ce.

## Nuwamba 2021 zuwa Yuli 2022: gidan malam da asibiti

Jijjiga ta uku a kan babur ta same shi, cikin Nuwamban 2021. Ya faɗi ya karye a kafaɗa, mai ɗori ya ɗaure. Kawunsa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar uban, ya sa aka kai shi wajen wani malami a bayan gari. Mako bakwai ya yi can, ana ba shi rubutu ana yi masa tofi, ba ƙwaya ba sigari. Kwana goman farko ya ce bai san dare da rana ba: gudawa, zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya. Haka jiki yake yi idan an yanke masa tiramol lokaci guda. Ya dawo a Janairun 2022 idonsa ya washe, kowa ya yi murna. Ya koma kan babur, ya koma fada, kwana ashirin bai cika ba ya koma ƙwaya, wannan karon har da wiwi.

A watan Yuni ya yi dare biyar bai runtsa ba. Ya fara jin ana kiransa ta bayan katanga, ya ce maƙwabta sun haɗa baki za su ƙona masa babur. Aka kai shi sashen masu taɓin hankali, ya kwana 19. Muryoyin suka ɗauke cikin mako na biyu. Aka sallame shi da kulorpuromazin, wanda aka fi sani da Largactil, miligiram 200 a yini. Takardar sallama ta nuna nauyi kilo 58, tansiyo, wato awon hawan jini, 12/7. Ba a auna sukari ba, ba a auna ƙugu ba.

## Yuli 2022 zuwa Agusta 2023: "Ya warke, ga shi ya yi jiki"

Kawu ya karɓe makullin babur ya zaunar da shi a shagonsa na kayan masarufi, kayan da galibi daga Kano ake ɗauko su. Fiye da shekara ya yi bai taɓa ƙwaya ba. Shi da iyalinsa duk sun tabbatar da haka.

Sai jiki ya fara buɗewa. A sikelin shagon yake hawa: Disamban 2022 kilo 69, Afrilun 2023 kilo 78, Yuli kilo 83. Kilo 25 ke nan cikin shekara guda, kusan duk a tumbi da wuya.

Wanda ya bar ƙwaya irin tiramol kwaɗayin zaƙi yakan taso masa sosai, domin zaƙi yana taɓa wurin daɗin da ƙwayar ta saba taɓawa a ƙwaƙwalwa. Shi da bakinsa ya ce idan sha'awarta ta motsa, lemo mai sanyi yake buɗewa sai ta lafa. Maganin da aka sallame shi da shi kuma yana buɗe ciki, yana saukar da kasala, awa goma sha ɗaya yake barci. Mutumin da ya saba wuni yana kokawa da babur cikin yashi ya koma zaman benci daga safe har isha'i, firijin lemo a bayansa, mai fanke a gefensa, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi.

A gida kuwa ƙibar nan ita ce shaidar waraka. Kowa da rama ya san ƴan ƙwaya, to ga nasu ya cika ya murje. Mahaifiyar ta gaya mani sadakar waina ta yi ranar da tsofaffin wandunansa suka daina shigarsa. Da wannan jikin aka nema masa aure, aka ɗaura a Fabrairun 2023. Gara ta shigo gida, alkaki da nakiya da dubulan, amarya kuma tana so a ga hannunta a jikin ango.

Da bazara ta kama ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare. Wanda ya san Damagaram a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai yi mamakin mai ƙishirwa ba. Maganinsa ma yana busar da baki. Duk wata uku yakan je a sabunta masa takardar magani, a tambaye shi barci da muryoyi, ya ce lafiya lau, ya tafi.

## Satumba zuwa Oktoba 2023: an gano sukari

Ranar 12 ga Satumba ya zo wurinmu da maruru a cinya wanda ya yi mako uku yana ruwa, da ƙaiƙayi a gaba da yake jin nauyin faɗa. Ya ce kuma yana ramewa alhali bai rage ci ba. Sikeli ya nuna 79. Na tsaga marurun na wanke, na ce ya dawo da safe kafin ya sa komai a baki. Sukari ya nuna 2.41, bayan kwana biyu 2.28. Na mai lafiya da safe ba ya kai 1.10, daga 1.26 kuwa, idan an maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne. Ƙugunsa santimita 99, iyakar da ake aiki da ita ga maza a yankinmu 94 ce. Tansiyo 15/9.

Lokacin ya zo daidai da takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Iyakoki a rufe, wuta tana ɗaukewa, magunguna da yawa sun yanke ko sun yi tsada. Maganin da ake farawa da shi ga irinsa metformin ne. A makon nan ba mu da shi, kantin magani biyu da ƙaninsa ya zaga ma babu. Abin da ke akwai mai rahusa gilibenkilamid ne, sai na rubuta masa miligiram 5 da safe. Wannan magani matsa wa jiki yake ya zubo insulin, sinadarin da ke saukar da sukari a jini, an ci abinci ko ba a ci ba, shi ya sa ake ja wa mai shansa kunne kada ya tsallake abinci. Na ja masa. Na kuma ba shi takardar da muke ba kowa, mai jerin abin da aka hana: sukari, zuma, dabino, rake, shinkafa, burodi, taliya, fura, tuwon masara. Ya duba ya ce, "To me ya rage?" Na tambaye shi ƙwaya, ƙaninsa na zaune, ya ce ya fi shekara rabonsa da ita, gaskiya kuma ya faɗa. Na ce ya dawo bayan wata guda.

Gida suka ƙara da nasu, jiƙon ɓawon maɗaci da garafuni safe da yamma, a kan cewa ɗaci ke kashe zaƙi. Takardar hani mako biyu ya bi ta. Tuwon gero kawai yake ci da dare ya wuni da yunwa, yunwar kuma ta riƙa tayar masa da sha'awar ƙwaya, sai ya watsar. Ranar 13 ga Oktoba sukarinsa 1.74.

A watan ne shagon kawu ya durƙushe, kaya ba sa shigowa. Mai babur ya karɓi makullinsa ya koma titi. Da maganin da ke sa shi barci ba ya iya tashi da wuri, sai ya ajiye kulorpuromazin da kansa. A mako na biyu ya sayi tiramol. Bai gaya wa kowa ba.

## Alhamis 16 ga Nuwamba 2023

Ranar kasuwa ce. Ya tashi da asuba ya sha gilibenkilamid, ya bi shi da ƴan 225 guda biyu da Nescafé ba sukari, domin a ganinsa sukari zai kashe maganin. Bai karya ba. Ya yi ta jigilar mutanen ƙauye da kayansu har bayan azahar. Wajen ƙarfe biyu abokan aikinsa suka ga ya ajiye babur a karkace ya zauna a ƙasa. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, ga shi iskar hunturu ta fara kaɗawa. Hannu na rawa, magana ba kan gado. Wani ya taɓa shi, ya zage shi. Suka ce ta hau masa kai ne, a bar shi ta sake shi. Suka ja shi inuwa suka koma bakin aikinsu.

Ya fi awa guda kwance a wurin. Wata mai awara da ta san mahaifiyarsa ita ta aika yaro gida. A adaidaita aka kawo mana shi ƙarfe huɗu saura, ba ya amsa kira, jikinsa sanyi ƙalau. Ƙanin da ya riƙo shi yana shigowa ya ce, "Majo, ya koma ƙwaya." Ni ma abin da ya fara zo mani ke nan. Na ɗaga fatar idonsa, na duba numfashi, sai na tuna abin da na rubuta masa da hannuna. Na soki yatsarsa: 0.38. Ƙasa da 0.70 sukari ya faɗi, ƙasa da 0.54 ƙwaƙwalwa tana cikin hatsari.

Muka tura masa ruwan sukari mai kauri ta jijiya. Minti biyar ba a yi ba ya buɗe ido yana tambayar babur ɗinsa. Mahaifiyar da ke tsaye bakin ƙofa ta durƙusa tana salati. Muka rataya masa ƙarin ruwa muka tura shi babban asibiti, ya kwana biyu, domin gilibenkilamid yana daɗewa a jiki, sukari yakan sake faɗuwa bayan an ɗaga shi. Ya kuwa sake faɗuwa da daren, 0.61.

Tiramol shi kansa yana iya saukar da sukari. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi da bayanan majinyatan Birtaniya, ya nuna masu fara shansa sun fi masu shan kodin yawan kwanciya asibiti saboda faɗuwar sukari. Ga shi kuma yana kashe yunwar da za ta gargaɗi mutum. Ranar nan maganin sukari mai ƙarfi da ƙwaya suka tarar da ciki wayam, a jikin da ya wuni yana aiki.

## Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: sabon tsari

Da ya dawo wurina na ce ƙanin da mahaifiyar su jira a waje. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ni ba ɗan sanda ba ne, ba kuma kawunka ba. Guda nawa kake sha? Da lissafin nan za a zaɓa maka magani." Ya daɗe shiru, sannan ya ce uku. Ya ce ya ɓoye ne don kada in ce ba zan ƙara duba shi ba.

Muka buɗe littafi guda irin na ƴan lakwal. A kowane layi akwai kwanan wata, sukari, nauyi, ƙugu, tansiyo, ƙwaya nawa, sigari nawa, ya karya ko bai karya ba. Da littafin yake zuwa wurina, da shi yake zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, kowa ya rubuta ɗan'uwansa ya gani. Na kira likitan a waya. Ranar ce muka fara magana da juna a kan mutumin da muke dubawa tare.

Aka dakatar da gilibenkilamid. Gwajin ƙoda ya fito lafiya, metformin kuma ya samu, sai aka fara miligiram 500 da abincin dare. Metformin da wuya ya faɗar da sukari idan shi kaɗai ake sha. Makon farko ya yi gudawa har ya so ya bari. Muka tsaya a 500 mako uku kafin a ƙara, zuwa ƙarshen Janairu ya kai 1000 safe da dare. Gwajin sukari na wata uku, wanda ya ci masa kuɗin aikin kwana uku, ya nuna kashi 9.4, ƙasa da 7 ake nema. Likitan ƙwaƙwalwa ya ga wata 17 babu muryoyi, har da makonnin da ya yi ba magani, sai ya yanke kada a mayar da kulorpuromazin, a dai riƙa ganinsa duk wata. Tiramol kuma bai ce a yanke ba. Ya mayar da shi kan na kantin magani mai miligiram 50, wanda aka san abin da ke cikinsa, ana ragewa mako-mako har mako goma. Ƙwayoyin suna cikin adakar mahaifiyarsa, ita ke ƙirga masa na yini kowace safiya bayan ya karya a gabanta.

Sai maganar shayi, wadda ta fi komai cin lokaci. Na aro ɗan sikeli mai awon giram na je fadarsu da yamma. Kofin shayi ɗaya cike da sukari ya ba da giram 65. Kowace dahuwa kofi guda suke zubawa, dahuwa uku a zama, su biyar suke sha: giram 39 ga kowa. Zama uku a yini, 117. Lemon kwalba biyu, kusan 70. Madarar safe ba a ma sa ta a lissafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, 25 ma ya fi. Na auna giram 187 a leda na ajiye a kan tabarma. Aka yi tsit, sai wani ya ɗaga ledar ya jinjina ya ce, "Wannan ai na kunun suna ne."

Ban ce ya bar fada ba, can ne abokansa suke, can ake samun fasinja da labari. Shi ya karɓi aikin dafawa. Ya sayi ƙaramar buta ta biyu, yakan tsiyaye nasa kafin a zuba sukari, ya sa na'a-na'a da kanumfari. Ya fara da rabin cokali, bayan wata biyu ya daina gaba ɗaya. Fifita gawayi da juya kumfa suka kama masa hannu bayan la'asar, lokacin da sha'awar ƙwaya ta fi taso masa. A zaman nan kuma na nuna wa abokansa cewa idan suka ga yana zufa yana rawa, su ba shi ruwan sukari in yana iya haɗiya, in ba ya iyawa su ɗauko shi nan take.

Takardar hani a gaban matarsa na yaga ta. Na ce mata, "Amarya, tukunya ɗaya za ki dafa." Tuwon gero yana nan, malmala ɗaya maimakon uku, miya ta fi yawa. Shinkafa a haɗa ta da wake, waken ya rinjaya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kabeji da salak na lambunan Mirya da suke araha lokacin sanyi. Fura a dama da nono ba sukari, ƙaramin kwano. Gyaɗa a aljihu don tsakar rana. Jiƙon ɗaci muka roƙi mahaifiyar ta ajiye, tun da ba a san ƙarfinsa ba. Motsa jiki kuwa ƙarancin ruwan garin nan ya samar masa: ya daina saye wajen ƴan ga-ruwa, ya ari kura yana turo jarka shida daga famfo bayan sallar asuba, zuwa da dawowa kusan minti arba'in.

Tiramol na ƙarshe a wannan tsari ya sha ranar 20 ga Fabrairu.

## Maris zuwa Mayu 2024: azumi da tuntuɓe

Azumi ya kama cikin Maris. Na ba shi shawara ya ɗage na bana, ganin faɗuwar Nuwamba da sabon barin ƙwaya. Ya ce shekara goma yana sahur da ƙwaya, wannan da hankalinsa zai yi shi, ba zai bari ba. Muka je wajen limamin unguwarsu tare. Malam ya tabbatar masa sukar yatsa don awo ba ta karya azumi, kuma mara lafiya Allah ya yi masa rangwame. Muka yi yarjejeniya: ƙasa da 0.70 ko sama da 3.00, ko jiri da zufa, ya sha ruwa nan take. Babur daga asuba zuwa sha ɗaya kawai. Buɗa-baki da ruwa da dabino biyu, kunu ba sukari. Metformin da buɗa-baki da sahur. Azumi huɗu ya sha, duk saboda zafi da jiri. Sukari bai sauka ƙasa da 0.82 ba.

Mako guda bayan ƙaramar salla matarsa ta yi ɓari. Ya koma ƙwaya kwana tara. Rana ta goma ya zo da ƙafarsa, ba ranar ganinsa ba, ya buɗe littafi ya miƙo mani. Da hannunsa ya rubuta na kowace rana: 1, 2, 2, 1, har tara. Muka kira likitan ƙwaƙwalwa, aka sake ragewa cikin mako biyu, aka mayar da ganinsa duk mako har wata guda. Sukari ya ɗan hau a tsakanin, domin shayi mai zaƙi ya dawo tare da ƙwayar.

## Yuni 2025: inda aka tsaya, da abin da na gani

Gwajin wata uku ya sauka daga 9.4 zuwa 7.9 a Mayun 2024, zuwa 6.9 a Nuwamba, ya ɗan ɗaga zuwa 7.1 a Yunin 2025. Nauyi kilo 72, ƙugu santimita 91, tansiyo 13/8 ba tare da magani ba. Wata 13 rabonsa da tiramol. Babu jijjiga, babu muryoyi. Sigari yana nan, kara shida a yini.

A ganina sukarin nan ya yi shekara guda yana taruwa a gaban masu magani. Gadon uba yana nan tun farko, da an tambaya. Sigari yana ƙara haɗarin ciwon sukari da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Tun 2004 ƙungiyoyin likitocin sukari da na ƙwaƙwalwa a Amurka suka fitar da matsaya kan sababbin magungunan taɓin hankali, cewa a auna nauyi, ƙugu, tansiyo da sukari kafin a fara, a ci gaba da bibiya. Kulorpuromazin tsoho ne, amma yana cikin masu sa ƙiba. Tef ɗin tela da sikeli sun isa su nuna abin da ke faruwa tun Disamban 2022. Ba a ɗauko su ba domin duk abin da jikinsa ya yi da ƙwaya muke fassara shi. Da ya rame aka ce ita ce, da ya yi ƙiba aka ce ya rabu da ita, da sukarinsa ya faɗi a tasha aka ce maye ne.

Faɗuwar Nuwamba kuwa rabona a cikinta babba ne. Na ba mutumin da sana'arsa da tarihinsa duk na tsallake abinci ne maganin da ba ya yafe tsallake abinci, na haɗa masa da takardar da ta bar shi da yunwa, na tambaye shi ƙwaya sau ɗaya a gaban ƙaninsa, na sake shi wata guda. Rashin metformin a makon gaskiya ne, amma ganinsa duk mako yana hannuna.

Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda ƙwaya ta zama layi a littafi, kusa da sukari da nauyi, abin da ake ƙirgawa a faɗa ba tare da an sunkuyar da kai ba. Shi ya sa tuntuɓen Afrilu ya tsaya a kwana tara. Ragewa a hankali ta bar shi yana aiki yana ci, abin da yankewar gidan malam ba ta yi ba. Kuma babu abin da muka karɓe masa ba mu ba shi madadinsa ba, daga butar shayi har malmalar tuwo. Ajiye kulorpuromazin ya taimaka wa nauyin, amma sa'a ya ci da muryoyin ba su dawo ba. Wani da ya ajiye da kansa haka zai iya komawa gidan jiya, wannan hukuncin likita ne.

Yatsun ƙafarsa yana jin su kamar ya sa safa, alamar jijiyoyi sun taɓu, don haka duk zuwa sai ya cire takalmi na duba tsakanin yatsu. Idonsa har yanzu ba a duba ba, yana tara kuɗin. A watan Mayu ya kawo mutum biyu daga fadarsu aka auna su da safe. Ɗaya 0.94. Ɗayan, wanda ya jinjina ledar sukarin nan, 1.31, kuma bai dawo an maimaita ba. Mai babur ya ce zai ɗauko shi ranar Alhamis kafin kasuwa ta cika.